In'inar Da Na Daina Ji

Na canja masa murya, na bar masa in'inarsa. Kuskuren ke nan, babu wani. Duk abin da ya same mu daga nan ya taso.

Waɗanda suka daɗe suna bin labarina sun san Dogo. Sababbin zuwa ku matso kusa. Dogo shi ne wanda zan aura in Allah ya yarda, in kuma Baba bai janye tasa yardar ba. Yana aiki a kamfanin roba, inda ake narka roba a zuba a inji ta fito bokiti da kujera. Ni kuma ina cikin matasan da ke gabatar da shirin Mu Ma Da Baki a ƙaramin gidan rediyon garinmu, duk Asabar da yamma. Ba a biyanmu. Shayi ake ba mu, wata rana ma babu sukari.

Babana direba ne a wannan kamfanin tun ban yi haƙori ba. Shi ya kai Dogo, shi ya tsaya masa. Dokar wurin ita ce ba a ɗaukar yaro sai wani tsohon ma'aikaci ya tsaya masa, in yaron ya yi laifi, da shi da wanda ya tsaya masa ake kamawa.

Ga abin da ya faru. Kowane inji yana da murfin ƙarfe da ke hana hannu shiga ciki. Murfin yana rage sauri, sai aka kwance shi aka jingine a bango. Wata yarinya da suke ce wa Fara ta miƙa hannu za ta zaro bokitin da ya maƙale, injin ya rufe. Yanzu hannunta na dama babban yatsa kaɗai ya rage. Aka ce sakacinta ne, aka sallame ta.

Dogo ya zo wurina ran nan, ya zauna kan bencin ƙofar gidanmu, ya ƙi taɓa ruwan da na kawo masa.

"'Yar Rediyo," ya ce, "ina tsaye kusa da ita. Har yanzu murafan suna jingine. Ina son in yi magana a shirinku, amma kada a gane ni."

"Wannan ai aikina ne," na ce. "Zan mai da ka tsoho mai jikoki. Ko mahaifiyarka ba za ta gane ka ba."

"Kuma ke kaɗai za ki ji muryar kafin ki canja ta."

"Ni kaɗai."

Kun ga yadda na rubuta maganarsa sumul, babu gargada? To haka nake jin ta. Dogo yana da in'ina, mai ƙarfi ma, irin wadda sai ya runtse ido ya buga cinya kalma ta fito. Farkon haɗuwarmu ina jin ta, har nakan ƙarasa masa magana, shi kuma ya ce in bari. Na bari. A hankali kunnena ya daina kama ta. Shi nake ji, ba ita ba.

Na ɗauki muryarsa da wayata a ɗakin Umma. Na kai gidan rediyo, na zauna gaban tsohuwar kwamfutarmu mai zafi kamar dutsen guga. Na ja muryar ƙasa har ta koma kamar ana magana daga cikin randa. Na yanke inda ya ambaci sashensu. Na yanke ƙarar babur, na yanke carar zakaran maƙwabta, har ƙarar awarwaron hannuna na yanke. Na yi ta saurare ina yaba wa kaina.

Muna da ƙa'ida a shirin: duk abin da aka tace, sai kunne na biyu ya ji kafin ya hau iska. Kunne na biyun ita ce Anti, furodusarmu, wadda ta koya mana riƙe makirufo da komai. Ni kuwa da gangan na yi ta jan ƙafa har lokacin shiri ya matso, don alkawarin da na yi wa Dogo. Na ce mata, "Anti, na saurara har na haddace, babu komai." Ta harare ni, ta duba agogo, ta ce a saka.

Muryar ta fara fita. Ina cikin situdiyo, Anti tana bayan gilashi. Ba a yi nisa ba na ga ta zare abin kunnenta a hankali. Ta danna maɓallin da ke sa ni kaɗai in ji ta.

"Ƙanwata, mutum nawa ne masu in'ina a kamfanin nan?"

"Wace in'ina?" na ce.

Ta nuna mini lasifika da haɓa. Na saurara da kunnen wani. Ga tsoho can cikin randa yana cewa, "An c-c-c-cire m-murfin." Da a ce ƙasa za ta buɗe, da na shige da kujerar.

Ran Litinin kafin azahar saƙonsa ya shigo. A rubutu Dogo ba ya in'ina.

"Sun tsayar da ni a get. Sun ce in je gida sai an neme ni. Ko tambaya ba su yi ba. Mai gadi ma cewa ya yi, Dogo, shekaranjiya mun ji kakanka a rediyo."

Na rubuta, "Ka yafe mini." Na goge. Na sake rubutawa, na tura.

"Kin ci abinci?" ya amsa.

Haka yake. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Kashegari Anti ta turo mini saƙo mai tsawo. Mutanen kamfani sun je wurin manajan gidan rediyo, dama suna ba da talla a tashar. Sun ce abu ɗaya suke so. Ranar Asabar, muryar da ta gabatar da rahoton, wato ni, ta karanta wannan: "Rahoton da muka kawo makon jiya ba gaskiya ba ne. Ba mu tabbatar da shi ba. Muna ba kamfanin haƙuri." In na karanta, Dogo ya koma bakin injinsa, Baba ya ci gaba da tuƙinsa. In ban karanta ba, su biyun a waje.

Ban kai ga gaya wa kowa a gida ba, ashe labari ya riga ni. Da yamma na shigo na tarar da takalman Goggo a bakin ƙofar falo, masu dundunniyar da ta karkace gefe guda. Goggo yayar Baba ce. Ba ta zuwa sai da dalili, in ta zo kuma ba ta cire mayafi, don kowa ya san ba zama ya kawo ta ba. Umma na tsaye tana goge farar rigar aikin Baba a kan tebur, ta shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa. Fanka na juyawa da ƙyar.

"A'a, ga Malama 'yar jarida," in ji Goggo. "Shigo, ranki ya daɗe. Wa za a kora yau?"

"Ina wuni, Goggo."

"Da ban wuni ba kya gan ni? Ke dai tun kina ƙarama bakinki ya fi ƙafarki sauri. Sa'o'inki suna koyon abin da zai amfane su, ke kina can kin toshe kunne da wasu faifai kamar matuƙin jirgi, kina tona wa masu ciyar da ubanki asiri. Ko sisi ana ba ki?"

"Ba a ba mu."

"Kin ji ko," ta ce da Umma. "Kyauta take rusa gida."

Umma ba ta ɗago ba. Ta juya hannun rigar, ta danna dutsen guga. "Layi uku ne," ta ce. "An ce layi uku ne kawai. Ki karanta ki dawo gida. Wa zai tuna bayan wata guda?"

"Fara za ta tuna, Umma."

"Fara 'yar uwarki ce?"

"In na karanta, na ce wa gari duka ita ta jawo wa kanta. Kuma murafan suna nan a jingine. Gobe wani hannun ne."

"Hannun wani," in ji Goggo, "da cikin gidanku, wanne ya fi kusa?"

Ana cikin haka Baba ya yi sallama. Ya zauna a kujerarsa, ya cire takalmi, ya cire safa ya cusa a ciki kamar kullum. Ya sha ruwa. Babana ba mai yawan magana ba ne, kuma tunda nake bai taɓa ɗaga mini murya ba. Uwata yake ce mini.

"Uwata, zo nan."

Na durƙusa gabansa.

"Ni na kai yarinyar nan asibiti," ya ce. "A motar kamfani. Ni na naɗe hannun da tawul ɗin da nake goge gilashi. Ni na wanke kujerar baya. Ba sai wani ya gaya mini gaskiya yaron nan ya faɗa ba."

Na ɗago da sauri, na ɗauka ya zo gefena.

"Duk da haka ki karanta."

"Baba..."

"Ban gama ba. Kaina ya yi furfura. In na bar motar nan babu mai ba ni wata. Ƙannenki suna makaranta. Yaron da kike so, da aikinsa na ce na ba shi ke, ban ce na ba zaman banza ba. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau na roƙe ki."

Jama'a, da duka ne da na jure. Na tashi na shiga ɗaki na zauna bakin katifa. Ban yi kuka ba. Na buɗe wayar na karanta layukan nan a bayyane, don in ji yadda za su fito a bakina. Na kai "ba gaskiya ba ne", harshena ya ƙi.

Na rubuta wa Dogo: "Baba ya ce in karanta. Kai me ka ce?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa.

"In na ce ki karanta, na ƙaryata idona. In na ce kar ki karanta, na ci amanar mutumin da ya tsaya mini. Ba ni da bakin magana."

"To ni ce mai baki?"

"Sunan shirinku ke nan ai."

Na yi tsaki ni kaɗai, na kife wayar. Wato a wannan halin ma sai ya tsokane ni.

Ran Asabar na yi wanka na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda aljihunta ke ɗaukar waya, na yafa baƙin mayafi. Ban shafa komai a fuska ba sai kwalli. Baba ya riga ya fita. Umma ta biyo ni har bakin ƙofa, ta gyara mini mayafin a kafaɗa, abin da rabonta da yi tun ina firamare.

"Ki tuna da ubanki," ta ce.

"Shi nake ta tunawa, Umma."

Gidan rediyonmu ɗaki uku ne a saman wani shagon taya. Situdiyon an manna masa katifun soso a bango, wasu sun fara zubewa. Na tarar da sauran 'yan shirin sun yi jugum a baranda, babu mai tsokanar wani. Anti na bayan gilashi, ta ɗaura ɗankwali ta tura shi baya, alamar ranta a ɓace yake. Ta buga layukan a takarda da manyan baƙaƙe ta ajiye gaban makirufo.

"Manaja ya ce a karanta a farkon shiri," ta ce. "Na isar da saƙo."

"Ke fa, Anti?"

"Ni da kin kawo mini na saurara, da duk ba a zo nan ba."

"Na sani."

"To. Maɓallin kashe makirufo yana hannuna. Amma yau hannun nawa ciwo yake." Ta kalli bayana. "Wancan kuma wa ya gayyato shi?"

Na juya. Dogo ne a bakin ƙofa, kansa na kusan taɓa saman ƙofar. Ya sa shuɗin kayan aikinsa, an wanke an goge, har da takalmin aiki.

"Me ka zo yi?" na ce.

"T-tunda an g-gane ni," ya ce, "g-gara in faɗa da m-muryata."

A karo na farko cikin shekaru na ji ta sarai, kowace gargada.

"Malam Dogo, wannan kai tsaye ne. Babu yankewa, babu gyara," in ji Anti.

"N-na sani." Ya juyo wurina. "K-kada dai ki ƙ-ƙarasa mini."

Anti ta dube shi, ta dube ni, ta ja dogon numfashi. Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san babu abin da ake tsoro kamar shiru a iska. Abu na farko da Anti ta koya mana ke nan: ko tari ne ku yi, kada ku bar iska babu kowa. Duk da haka ta zagayo ta tura masa kujera da ƙafa.

Jar fitila ta kama, mun hau iska.

Na yi sallama, na faɗi sunan shiri. Na ɗauki takardar. Na ce:

"Masu sauraro, an ba ni takarda in karanta muku cewa rahoton makon jiya ba gaskiya ba ne. Ba zan karanta ba, domin gaskiya ne. Kuskure ɗaya ne a cikinsa, kuma nawa ne: na yi alkawarin ɓoye wanda ya yi magana, ban ɓoye shi da kyau ba. Shi nake ba haƙuri. Ga shi nan zaune, zai faɗa muku da bakinsa."

Dogo ya matso. Ya faɗi aikinsa, ya faɗi injin da yake kai. Yana tafiya yana tuntuɓe yana tashi. Sai ya zo kan murfi.

"Sun cire m... m..."

Ya tsaya. Ya runtse ido. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya buga cinya, babu. Ya sake bugawa. Iska ta zama wayam. Ina ganin allurar na'urar auna sauti ta kwanta a gefe ba ta motsi. Kalmar tana bakina, a kan harshena, tura ta kawai zan yi. Na cije leɓe. Ta bayan gilashi na ga hannun Anti ya tafi kan maɓallin kiɗa, ya tsaya a sama, ta janye shi ta sa a cinya.

"...murfin," in ji Dogo. "Sun cire murfin. Yana j-jingine a bango. Na g-gani da idona."

Kafin ya rufe baki wayar situdiyo ta fara haske. Wani ya ce shi ma a can yake, a bar sunansa, abin da Dogo ya faɗa haka yake. Wata ta ce ƙaninta ya ƙone a hannu bara. Wani dattijo ya bugo ya zage mu tas, ya ce yaran yanzu ba su da kunya, Anti ta bar shi ya gama. Can sai wata siririyar murya.

"Ni ce mai hannun," ta ce. "Ba sakaci na yi ba. Haka aka koya mana, in ya maƙale ka zaro da sauri kafin a gan ka tsaye. Ina riƙe da wayar nan da hagu. Abin da zan ce ke nan."

Muka ci lokacin shirin da ke bayanmu, babu wanda ya zo ya tashe mu.

Abin da ya biyo baya ba zan ƙawata muku shi ba. Manaja ya dakatar da shirinmu, ya ce sai abin da hali ya yi. 'Yan shirin sun yanko wurin da Dogo ya maƙale, da shirun da komai, suka watsa a waya, ya zaga gari har ya fita. Cikin makon wasu jami'an gwamnati suka je kamfanin da motarsu. Wani abokin Dogo ya turo masa hoto: an ɗaure murafan, kowane inji da nasa. An ce za a sake duba maganar Fara. Ban ga an duba ba tukuna, kuma ba za mu bari ba. Yanzu a falon Anti muke haɗuwa muna ɗaukar shirin da waya, kuma duk abin da na tace sai mutum biyu sun ji.

Dogo an kore shi, wannan dama mun sani. Yana bin wani mai gyaran janareto. Ya zo gaishe da Baba, Baba ya aika a ce masa yana hutawa. Ya sake zuwa, aka ce masa haka. Maganar aurenmu babu wanda ya ce an fasa, babu wanda ya ce tana nan.

Baba kuwa ran Litinin ya dawo da rana tsaka, a ƙafa. Sun karɓe makullin motar. Na gaishe shi ya amsa, na kawo ruwa ya sha. Bai zage ni ba, bai kuma kalle ni ba. Goggo ta zo, wannan karon ta cire mayafi ta zauna.

Tun daga nan kullum da safe yakan yi wanka ya fita, ya ce wa Umma zai je ganin wani. Ban san wane ne wanin ba sai jiya. Ina cikin motar haya zan je gidan Anti, muka tsaya a mahaɗar da ke gaban kasuwar kayan gini, inda direbobi marasa mota ke taruwa suna jiran mai kaya ya ɗauke su aikin yini. Yawancinsu samari ne, sa'o'in Dogo. Wata babbar mota ta tsaya, suka ruga gaba ɗaya suna ture juna, kowa na ɗaga lasisinsa sama.

A bayansu akwai wani mai furfura, ya ɗaga nasa shi ma, yana ƙoƙarin sauri, ƙafar ba ta ba shi. Mai motar ya nuna wani yaro. Sauran suka watse. Dattijon ya tsaya a rana yana mai da lasisin aljihu.

Ya ɗago, muka haɗa ido ta tagar mota. Na buɗe baki zan ce Baba.

Ya juya mini baya, ya koma layi.